Sunan Matar Aure A Takarda: Na Uba Ko Na Miji?

Cikin zagayen da na kan yi na duba makarantu a ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama, ba littafin da na fi yawan buɗewa kamar rajista, ta yara da ta malamai. Mutum in ya daɗe yana duban rajista sai ya fara ganin abin da ba dominsa aka rubuta ta ba. Abin da na daɗe ina gani, har ya sa na ɗauki alƙalami yau, shi ne yadda sunan 'ya mace ya ke sakewa tsakanin wannan shafi da wancan. Yarinya ta shiga aji ɗaya da sunan ubanta, ta fita sakandare da shi, sa'an nan bayan shekara biyu ko uku ka tarad da ita a kwalejin horon malamai da wani suna dabam a bayan nata. In ka tambaya sai a ce maka ai ta yi aure. In ka ce to ina takardar auren, sai a dube ka kamar ka yi saɓo, gama kowa a garinsu ya san an ɗaura, kowa ya ci goro.

Masu duban nan nawa suna da gaskiya, aurenta ingantacce ne ko da takarda ko babu. Amma fa ranar da ofis zai tambaye ta, goron da aka ci ba zai je ya yi mata shaida ba.

Bari in ba ku labarin wata malama, wadda ba zan faɗi sunanta ba, ko da ya ke sunan nata shi ne dukan maganar. Na koyad da ita a kwaleji. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Maiyama, ubanta manomi ne mai ɗan karatun Muhammadiyya, shi ya tsaya kai da fata sai da ta gama sakandare kafin a yi mata aure. Takardarta ta firamare da ta sakandare duka sunansa ke kai. Da ta zo shiga kwaleji tana da goyo, akawun da ke cika takardu ya tambaye ta ko tana da aure, ta ce i, ya ce to ai matar aure da sunan mijinta a ke rubuta ta. Ita kuwa ba ta saba musu da namiji mai alƙalami a hannu ba, sai ta sunkuyad da kai ta faɗi sunan mijin a hankali, aka rubuta. Da wannan suna ta sami takardar malanta, da shi kuma aka ɗauke ta aiki. Bayan shekara shida auren ya mutu. Ta yi idda, ta yi zawarci, Allah ya kawo wani ta sake aure. Ran da za ta buɗe ajiya a banki sabon mijin ne ya raka ta, yana tsaye a gefenta, to, da wane ido za ta faɗi sunan tsohon miji? Aka rubuta na sabon.

Shekaru suka shige ba wanda ya kula, don mai biyan albashi ya san ta ido da ido. Sai ga shi an zo tantance ma'aikata, aka ce kowa ya kawo takardunsa da lambarsa ta banki a gwada su. Aka sami mace ɗaya da suna uku. Na'ura kuwa ba ta san garinsu ba, ba ta halarci bikinta ba, haruffa kaɗai ta ke gwadawa. Aka ware ta cikin waɗanda a ke zato ma'aikatan bogi ne, aka tsai da albashinta, aka ce ta kawo shaidar auren farko, da shaidar mutuwarsa, da shaidar na biyu. Auren farkon nan a ƙofar gidan ubanta aka ɗaura shi. Limamin da ya ɗaura ya rasu, ƙanen ubanta da ya yi mata waliyyi ya rasu, takardar saki kuwa ɗan guntun takarda ce da aka rubuta da ajami, ta daɗe da ɓacewa cikin kwashe kaya. Zan komo ga yadda ta ƙare, amma tukuna mu duba yadda aka yi muka kai nan.

Yadda Mu Ke Kiran Mutum

Tun asali Bahaushe ba shi da abin nan da Turawa ke kira sunan dangi, watau suna ɗaya wanda zuriya ke gado kaka da kakanni. Abin da ya ke da shi sunan yanka ne, wanda a kan raɗa masa ran bakwai ga haihuwa, sai kuma laƙabi, ko na rana kamar Ladi da Talatu da Laraba da Jummai da Asabe, ko na yadda aka haife shi, kamar Gambo ga wanda ya biyo tagwaye. In a na so a bambanta shi da takwaransa sai a jingina shi ga ubansa, a ce wane ɗan wane, wance 'yar wane, ko ɗiyar wane yadda mu ke faɗi a nan yamma. Garin Jega kansa, in ka tambayi tsofaffi wa ya kafa shi, za su ce maka Buhari ɗan Abdussalami, watau ɗan malamin nan na Gimbana wanda ya rasu a 1818. Sunan ya ƙare a nan, ɗa da uba, kowa ya gane.

Mace ma haka. Ba mu da misalin da ya fi Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta zauna gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima fiye da shekara arba'in, daga cikinta aka sami zuriyar Waziran Sakkwato har zuwa kan Waziri Junaidu, amma duk da girman mijin nan nata ba a taɓa jin wani ya kira ta da sunansa ba. 'Yar Shehu ce da rai, 'yar Shehu ce bayan rai. Haka kuma Iyayen Muminai, A'isha 'yar Abubakar ce, Hafsa 'yar Umar, har Safiyya wadda ubanta Huyayyu ya ke babban mai adawa da Musulunci ba a cire mata sunan uba ba, alhali ba gidan da ya kai gidan da su ke aure daraja. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umurni a riƙa danganta mutane ga ubanninsu, bisa ga labarin Zaidu ɗan Harisa wanda a da a ke danganta shi ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Game da matar aure malaman zamani sun saɓa, da yawa sun ce hani ne ta ɗauki sunan miji, waɗansu kuwa sun ce in don ganewa ne kawai, ba don sake nasaba ba, da sauƙi. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, na bar musu wannan. Nawa shi ne abin da na ke gani a rajista.

Akwai kuma wani abin dariya, in da abin na dariya ne. Matar Bahaushe mai kunya ba ta faɗin sunan mijinta. Maigida ta ke cewa, ko Malam, ko Alhaji, ko baban wane, in ma wani yaro a gidan ya ci sunan sai ta laƙaba masa wani. To, wannan sunan da bakinta ba ya iya furtawa a tsakar gida, shi muka ɗora mata ta riƙa amsawa a layin asibiti, ta riƙa faɗa wa akawu harafi harafi a gaban jama'a.

Makaranta Da Sunan Gari

Makarantar boko da aikin gwamnati da na soja su suka zo da gurbi biyu a takarda, ɗaya na sunan mutum ɗaya na sunan dangi, suka ce tilas a cika duka. Tun zamanin Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, in an tara Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a aji guda, hanya mai sauƙi ita ce a kira kowa da garinsu. Sardauna Ahmadu Bello da sunan Ahmadu Raba aka san shi a makaranta. Haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Aminu Kano da Shehu Shagari. A nan gida ga Farfesa Attahiru Jega wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, ga Adamu Aliero wanda ya yi Gwamnan Jihar Kabi daga 1999 zuwa 2007. Akwai ma misali mai kyau daga gidan sarauta. Hafsan sojan da ya mulki Jihar Gongola sau biyu, daga 1976 zuwa 1978 da kuma daga 1984 zuwa 1985, da sunan Muhammadu Jega duniya ta san shi, amma da aka naɗa shi Sarkin Gwandu a 2005 sai sunan gida ya fito, Muhammadu Iliyasu Bashar. Sunan gari rigar aiki ce, a kan sa a kan tuɓe.

Sabo da haka abin da mu ke cikawa a gurbin sunan dangi ɗayan uku ne, ko sunan uba, ko na kaka, ko na gari. Yanzu sai mu tambaya, matar da aka ce ta ɗauki sunan mijinta, wanne za ta ɗauka? In ta ɗauki sunan yankansa, shi ne kuwa aka fi yi, to, 'ya'yanta ma shi a ke rubuta musu a makaranta, sai ta zama a takarda ita da 'yarta ubansu ɗaya. In ta ɗauki sunan uban mijin, ta zama ƙanwar mijinta. In ta ɗauki sunan garinsa, sai ka ga 'yar Andarai ko Mungadi ta wayi gari Jega ce a bayan sunanta, alhali takardarta ta shaidar asali daga Maiyama za ta karɓo, gama asali bin uba ya ke yi. Ƙa'idar hukumar raba daidai ta Tarayya ma ta ce matar aure jiharta ta asali ta ke ci gaba da ƙirgawa. A 2012 an ga haka a sarari, sa'ad da Babbar Jojin Nijeriya, Aloma Mariam Mukhtar, ta dakatad da rantsad da wata mai shari'a a Kotun Ɗaukaka Ƙara, don gurbin da aka ba ta na jihar mijinta ne, sai da aka yi ta ƙorafi kafin aka rantsad da ita. In mai shari'a ta gamu da wannan, ina ga malamar firamare?

Sa'an nan ga mu da mace fiye da ɗaya a gida. Ba abin mamaki ba ne mutum ya auri A'isha biyu ko Fatima biyu. In dukansu suka ɗauki sunansa, a takarda sun zama mutum ɗaya, a katin asibiti, a rajistar zaɓe, har ran rabon haƙƙinsa in ya rasu yana ma'aikaci. Kuma mu faɗi gaskiya, aure a ƙasarmu ya kan mutu, mace ta kan sake aure, shari'a ba ta hana ba, jama'a ba sa ganin aibu. Uba kuwa ɗaya ne har kabari. Masu albasa na Aliero sun san wannan hikima, in sun sa wa buhu alama a kasuwa, ita zai ɗauka har Legas, ba a sake masa wata a kowace tasha don an sake direba.

Daga Ina Al'adar Ta Zo?

Daga Ingila ta zo, kuma a can tana da dalilinta. A dokarsu ta da, mace in ta yi aure ita da mijinta sun zama mutum ɗaya a idon shari'a, mutumin nan kuwa shi ne mijin, dukiyarta ta koma hannunsa. Sai a 1882 majalisarsu ta yi dokar da ta ba matar aure cikakken ikon mallakar abinta. Sunan miji ragowar wancan zamani ne. Mu kuwa tun fil azal sadakin mace nata ne, gonarta da awakinta da jarin ƙuli-ƙulinta nata ne, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Mun aro hular ne muka bar rigar. Ko a ƙasashen Turawan ma ba kowa ya ke yi ba. A Faransa sunan haihuwa shi ne sunan mutum a doka, na miji na kira ne kawai. Lardin Kwibek na Kanada tun 1981 mace ba ta sake suna don aure, Girka ta yi irin wannan doka a 1983. Japan ce a ɗaya gefen, dokarta ta tilasta wa ma'aurata suna ɗaya, kotun ƙolinsu ta tabbatad da haka a 2015 da 2021, matansu da yawa kuwa suna ta kuka da ita.

A nan Arewa ta shigo ne ta bariki, ta hannun matan Turawa da ma'aikatan asibiti da malaman mishan, inda aka fara jin Misis wance. Daga baya matan shugabanni suka ƙara mata kwarjini, musamman tun daga 1987 da Maryam Babangida ta fito da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, har yarinya ta taso tana zato sunan miji alama ce ta wayewa. Amma matan da suka yi suna da kansu a gabanin haka ba su yi ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rasu a 2001, ta yi aure ba sau ɗaya ba, amma sunanta rabi na haihuwa ne rabi na gwagwarmayar NEPU. Ladi Kwali maginiyar tukwane, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, sunan rana ne da sunan gari.

Abin da ya kamata kowane akawu ya sani shi ne, ba wata doka a Nijeriya da ta ce matar aure sai ta ɗauki sunan miji. Wanda ya faɗa wa ɗalibata haka bai yi don mugunta ba, abin da ya tarar a na yi ya faɗa. Ni ma da na ke wannan magana, sa'ad da na ke sabon malami na cika irin takardun nan da hannuna ban tsaya na yi tunani ba, Allah ya yafe mana.

Aure Mai Takarda Da Marar Takarda

Dokar ƙasar nan ta san aure iri uku. Akwai auren rajista, wanda ya samo asali daga dokar aure ta 1914, shi ne na mace ɗaya, a kan kafa sanarwa kwana 21 kafin a ba da izini, a ƙarshe a miƙa wa ma'aurata takarda. Akwai auren gargajiya, akwai kuma auren Musulunci, wanda shi ne na kusan kowa a Jega da Aliero da Maiyama. Namu yana tabbata da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai da siga, yadda kowane almajirin Risala ya karanta. Takarda ba ta cikin sharuɗɗan. Rajistarmu ita ce taron jama'a, da muryar sanƙira, da goro da dabino da aka raba. Wannan rajista ta yi mana aiki shekaru aru-aru, sa'ad da mutum ke haihuwa ya mutu a gari ɗaya. Aibinta guda ne, tana tsufa tana mutuwa, kuma ba ta shiga mota ta je Birnin Kabi ko Abuja ta yi magana.

Wajibi ne a bambanta wannan da wani abu dabam, don na ji waɗansu 'yan boko suna haɗa su. A waɗansu ƙasashe namiji da mace in suka zauna tare suna ce wa jama'a su mata da miji ne, ba tare da an ɗaura kome ba, doka ta kan ɗauke su ma'aurata. Haka ya ke a jihohin Tekzas da Kolorado na Amurka. A Ingila tun 1753 doka ta wajabta a ɗaura aure a fili a rubuta, ko da ya ke har yanzu mutane da yawa a can suna zato daɗewar zama tare ta kan zama aure, sai ran rabuwa ko mutuwa su gane ba haka ba ne. Sikotilan ta soke nata ragowar a 2006. Nijeriya ba ta da irin wannan aure. Abin da ke akwai kawai shi ne, Dokar Shaida ta 2011 ta yarje wa kotu, in an gamsad da ita cewa mutum biyu sun zauna zaman mata da miji, ta ɗauka akwai auren Musulunci ko na gargajiya a tsakaninsu, har sai wani ya kawo hujjar babu. Wannan taimako ne ga wadda aka ɗaura mata aure ta rasa shaida. Ba ya ƙirƙiro aure inda ba a ɗaura ba.

Zaman da ba a ɗaura ba muna da sunansa, zaman dadiro, kuma addini da al'ada duk sun ƙi shi, a Jihar Kabi kuwa tun da aka ƙaddamad da Shari'a a 2000 laifi ne da kotu ke hukuntawa. Na ambace shi ne don wani dalili guda. A manyan birane da bariki a kan sami macen da ke cikin irin wannan hali, namiji ya ce mata ta je kotu ta yi rantsuwa ta ɗauki sunansa, a buga a jarida, shi ke nan ta zama tasa. Wannan yaudara ce, kuma ita kaɗai za ta ɗauki hasarar. Kowa yana da ikon sake sunansa, amma rantsuwar suna ba ta maye gurbin waliyyi da sadaki. Ran da ya mutu ba ta da tumuni ba ta da rubu'i a dukiyarsa, danginsa za su nuna mata ƙofa da sunan nasa a katinta. In kuwa ta rantse cewa an ɗaura alhali ba a ɗaura ba, ta ƙara wa kanta laifin rantsuwar ƙarya.

To, ku duba yadda abin ya juye. Wadda ba ta da aure tana iya samun sunan namiji a takarda cikin mako guda, wadda kuwa aka ɗaura mata aure gaban liman da hakimi tana iya kasa tabbatad da shi bayan shekara ashirin. Suna a takarda ba shaidar aure ba ne, iyakarsa ya nuna wani ya taɓa rubutawa.

Zamanin Lamba

Hanyar sake suna a hukumance sananniya ce. Mutum ya je Babbar Kotu ya yi rantsuwa gaban jami'in rantsuwa, ya biya a buga sanarwa a jarida cewa a da sunansa kaza yanzu kaza, takardunsa na da suna nan da ƙarfinsu, sa'an nan ya bi ofis ofis yana kai wa. A da mutane da yawa ba sa ma yin wannan, sai dai a faɗa wa akawu da baki. Abin da ya sake shi ne lambobi. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta yanzu a 2007, Babban Banki ya fito da lambar BVN a 2014, a Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, daga 2021 kuma hukumar JAMB ba ta rubuta ɗalibi jarrabawa sai da ita. Fansho ma tun dokar 2004 kowane ma'aikaci da ke cikin sabon tsari asusunsa da sunansa ya ke. Duk waɗannan suna duban juna. In harafi ɗaya ya saɓa sai ƙofa ta rufe, balle suna sukutum. Yarinyar da ta fito daga Kimba ko Sabiyal tana son shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, in takardar WAEC tana da sunan uba, katin ɗan ƙasa kuwa an yi mata shi bayan biki da sunan miji, tana iya rasa shekara guda tana gyara, shekara guda kuwa ga matar aure mai son karatu sau da yawa ita ce ƙarshen karatun, don kafin ta zagayo ciki ya zo, ko zuciyar maigida ta sake.

Yara maza ma ba su tsira ba, wanda aka rubuta Mamman a firamare, Muhammadu a sakandare, da wanda ke hannun riƙo aka sa masa sunan kawunsa. Amma nasu gyara ɗaya ne a rayuwa. Na mace yana bin yawan aurenta.

Abin da na ke faɗa wa hedimastoci da akawunan kwaleji duk inda na je ba shi da wuya. Sunan da ke takardar haihuwa da ta firamare shi za a bi, ko ɗaliba ta zo da goyo biyu, kuma kada a tambaye ta sunan miji sai a gurbin da aka tanada don haka. Iyaye kuwa da waliyyai, ran ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, a nemi takardar shaida. Kotunan Shari'a da waɗansu masallatai su kan bayar ga wanda ya nema, kuɗinta bai kai na goron da a ke rabawa ba. A sa sunan amarya da na ubanta, da waliyyi da shaidu da sadaki da rana, a ba ta tata ta ajiye a hannunta, ba a akwatin miji ba. Da limamai da hakimai za su riƙe littafi guda a kowace gunduma, da sun rage wa alƙalai rabin shari'un gado. Na san akwai mazan da ke jin ƙyashi in matarsu ba ta amsa sunansu ba, kamar ba a tabbatad musu da ita ba. Ga irinsu sai in ce su duba 'ya'yansu mata, su tambayi kansu sunan wa su ke so ya kasance a takardar digirin da suka sai da hatsi suka biya wa kuɗi.

Malamar nan tawa wata bakwai ta yi ba albashi. Da ƙyar ta sa aka je wa wan tsohon mijinta, wanda ya karɓi auren a madadinsa, aka roƙe shi, ya yi nauyin jiki kafin ya yarda ya zo kotu, shi da wani tsohon maƙwabcinsu da ya halarci ɗaurin auren, suka ba da shaida. Hakimi ya rubuta mata takarda, ta yi rantsuwa, ta biya jarida. Da aka tambaye ta wanne za ta riƙe cikin sunayen uku, ta ce na ubanta, mijinta na yanzu kuwa, Allah ya saka masa, bai ce uffan ba, shi ya ɗauke ta a babur zuwa banki aka gyara. Uban nata bai ga wannan ba, ya rasu tun kafin tantancewar. An mai da mata albashi, bashin watannin kuwa aka biya ta kashi kashi. Takardar malantar dai har yau sunan tsohon mijin ke kai, gama ba a sake buga irinta don aure ya mutu, sabo da haka duk inda za ta nuna ta sai ta haɗa da takardar rantsuwa da yankin jaridar, ta sa su cikin leda guda tana yawo da su a jakarta.